Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Karɓar Haihuwa: Maganar Ƙari Da Ɗinki

Zuwa ga ungozomomi, ma'aikatan jinya, likitocin mata, da shugabannin asibitocin da ake karɓar haihuwa,

Assalamu alaikum. Sannunku da aiki, sannunku da kwanan tsaye.

Na rubuto muku ne a kan ƙarin da mace ke samu wajen haihuwa, da ɗinkin da ke biyo baya, da watannin da take shafewa tana jinyar kanta bayan kun sallame ta. A fagen ilimi kun fi ni sanin wannan magana nesa ba kusa ba, don haka ba koya muku aiki na zo yi ba. Abin da nake riƙe da shi shi ne wanda ba kasafai yake isowa kunnenku ba, wato abin da mata ke faɗa wa junansu da murya ƙasa-ƙasa, amma da an shigo gabanku an ji "ya jiki?" sai a haɗiye shi a ce "da sauƙi, Sista."

Bari in fara da sauke muku laifin da ba naku ba. Yagewa wajen haihuwa ta fi rashinta yawa. Kwalejin likitocin mata ta Birtaniya ta ce cikin mata 10 masu haihuwar fari da kansu, har 9 na iya samun wani abu: ƙujewa, ko yagewa, ko yankan da ma'aikaci ya yi da almakashi. Kan jariri ne zai ratsa ta wurin da dole sai ya buɗe iyakar buɗewa, kuma ko ungozomar da ta fi kowa hannu ba za ta iya yi wa kowace mace alkawarin tashi ba ko ƙwarzane ba. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda raunin da ya fi kowanne yawa a haihuwa ya zama shi aka fi yin gum a kansa. Mace za ta yi wata da watanni tana zuwa awo, a gwada jininta, a auna nauyinta, a saurari bugun zuciyar ɗa, a lissafa mata kayan da za ta riƙo ranar naƙuda ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda zai zaunar da ita minti biyar ya faɗa mata abin da kan iya samun naman da ke tsakanin gabanta da duburarta.

Tunda wasiƙar a buɗe take, kuma matan ma za su karanta, ku yi mini haƙuri in maimaita abin da kuka haddace tun kuna makaranta. Yagewar hawa huɗu ce. Na farko fata ce kawai, sau da yawa ko ɗinki ba ta nema. Na biyu ya shiga tsokar da ke ƙarƙashin fatar. Shi aka fi ɗinkewa a gadon haihuwa, kuma yankan almakashi ma a nan yake tsayawa in bai zarce ba. Na uku ya taɓa zoben tsokar da ke kewaye da dubura, wadda aikinta kamar na mazagin wando ne, ita ke tsuke wurin har sai mutum ya ga dama ya saki iska ko bayan gida. Na huɗu ya wuce zoben ya ɓarka har fatar cikin duburar. A ƙididdigar Birtaniya, mata kamar 3 cikin 100 ke samun hawa na uku ko na huɗu. A masu haihuwar fari adadin ya kai 6 cikin 100, a waɗanda suka taɓa haihuwa da kansu kuwa kusan 2 ne. Hawa biyun farko ciwo ne na makonni. Biyun ƙarshe, in an gane su an gyara da kyau tun a ranar, mata 6 zuwa 8 cikin 10 ba su da wani ƙorafi bayan shekara guda. In kuwa ido ya tsallake su, aka ɗinke fatar sama aka bar tsokar a tsinke a ciki, to an ɗora wa mace abin da zai iya bin ta har tsufa.

Amma ku tambayi matan da suka haihu a hannunku wane hawa ne nasu. Amsar kusan ɗaya ce: "An dai yi mini ɗinki."

Na san hujjar da ake kawowa, wai kada a tsorata mai ciki. Ban karɓe ta ba. Tsoron da mace za ta ji a wata na bakwai, tana zaune a kan benci da damar yin tambaya, bai kama ƙafar wanda za ta ji a kan gado ba, ƙafafu a ɗage, ta hango almakashi a hannun wani ba ta san me za a yi da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma akwai abin da za ta iya yi wa kanta in an faɗa mata da wuri. Tausar wurin da yatsa da mai mai tsabta, tun daga mako na 34 ko 35, na 'yan mintoci, an gwada an ga tana rage yawan masu buƙatar ɗinki, musamman masu haihuwar fari. Ba abin da take nema sai wanda zai cire kunya ya kwatanta. Haka kuma mace ta cancanci sanin abubuwan da ke ƙara haɗarin babbar yagewa, wato hawa na uku ko na huɗu: haihuwar fari, jaririn da ya haura kilo 4, wanda ya taho fuskarsa na kallon gaban uwar maimakon bayanta, wanda kafaɗarsa ta maƙale, nishin da ya ja dogon lokaci, da jawo ɗa da ƙarfe ko da na'urar zuƙo. Amfanin saninsu shi ne in ɗaya ya same ta, ita da kanta za ta iya buɗe baki ta ce, "Don Allah a duba ni da kyau."

A ɗakin haihuwa kuwa, abubuwan da aka tabbatar suna taimakawa ƙanana ne har mutum zai iya raina su. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi a dafa a wurin lokacin da kai ke saukowa: da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a 2017, an ga ya rage manyan yagewa da kusan rabi. Hannu ɗaya a kan jariri yana rage masa gudu, ɗayan yana tallafe da naman ƙasa, baki kuma yana cewa "dakata da nishi, hura iska a hankali, yauwa, a hankali." A ƙasar Norway, da aka koma horar da ma'aikata wannan tallafi da hannu, an ga manyan yagewa sun sauko daga kusan 4 cikin 100 zuwa kusan 2. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2018, ta goyi bayan waɗannan dabaru. Ta ce a bar mace ta zaɓi yanayin da za ta haihu, a kwance ko a durƙushe, a bar ta ta bi yunƙurin da jikinta ke kawo mata, a kuma daina danna saman ciki da hannu don turo ɗa. Amma har gobe akwai ɗakunan da za a ji mutum uku suna ihun "yi nishi, yi nishi!" daidai lokacin da ya kamata a ce mata ta sassauta, wani kuma ya haye gefen gado ya danne cikin da gwiwar hannu. An ci ribar minti biyu, ita kuma za ta biya da watanni.

Sai maganar almakashi, wadda tarihinta abin dubawa ne. Wani likita a birnin Dublin, Fielding Ould, shi ya fara bayyana wannan yanka a rubuce a 1742, a matsayin abin da ake komawa gare shi in an rasa mafita. A 1920 Joseph DeLee a Amurka ya yi kira da a mai da shi abin yau da kullum, bisa tunanin cewa yankan da aka yi da gangan ya fi yagewa saurin warkewa, kuma yana kare jikin uwa. Maganar ta yi daɗi a kunne, aka yi shekara fiye da hamsin ana aiki da ita ba a gwada ta ba. Zuwa 1979, fiye da kashi 60 cikin 100 na matan da suka haihu da kansu a Amurka an yanka su. Da aka zo aka gwada, sai labari ya sha bamban. Inda ba a yanka sai da dalili, mummunan rauni ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 in aka kwatanta da inda ake yanka kowa. Zuwa 2012 adadin a Amurka ya faɗo ƙasa da kashi 12, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce kada a riƙa yi wa kowa. Duk da haka akwai wuraren da har yanzu "ai haihuwar fari ce" kaɗai ya isa dalili.

Ban ce a jefar da almakashi ba. In bugun zuciyar ɗa ya sauka ana son fito da shi yanzu-yanzu, ko za a sa ƙarfe, yankan na iya zama shi ne alheri. In ya kama dole, a karkata shi gefe sosai, digiri 60 daga tsakiya lokacin da kai ya cika wurin, domin yankan da aka miƙe da shi ƙasa, ko aka ɗan karkata kaɗan, hanya ce aka share wa yagewa zuwa dubura. Sannan a faɗa mata. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2019, an zaunar da masu lura a ɗakunan haihuwa suna gani da idonsu, suka tarar cewa cikin matan da aka yanka, uku cikin huɗu ba a nemi yardarsu ba. "Ɗan ya gaji, zan ɗan ƙara ki don ya fito da sauri, zan sa miki allura, kin yarda?" Faɗin wannan bai kai daƙiƙa goma ba. Wanda ya ce babu lokacinsa, son zuciya ne.

Yanzu na iso abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ɗa ya faɗo, ya yi kuka, mabiyiya ta fita, kowa ya sauke ajiyar zuciya. Hankali ya koma kan jariri, kuma ba laifi. Amma a wannan ɗan tsakanin ne, kafin a ɗauko zare da allura, ake yanke yadda matar nan za ta rayu da jikinta. A 1993 likita Abdul Sultan da abokan aikinsa a Landan suka ɗauki hoton zoben dubura na matan da suka haihu, da na'urar hoto mai aiki da sauti, makonni shida bayan haihuwa. Suka tarar kashi 35 cikin 100 na masu haihuwar fari suna da tsinkewa a tsokar, alhali mafi yawansu ba wanda ya rubuta musu haka a kati. Aka yi shekaru ana ɗauka ɓoyayyen rauni ne, irin wanda ido ba ya gani sai na'ura. Sai a 2006 aka sake wani bincike a Ingila, inda wani ƙwararre ke sake duba kowace mace nan take bayan wanda ya karɓi haihuwar ya gama nasa duban. Adadin manyan yagewar da aka gano ya tashi daga kashi 11 zuwa kashi 24.5 cikin 100. Waɗanda suka ɓuya da gaske har sai da na'ura 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Ashe raunin yana nan a fili, duba ne ba a yi ba.

Kuma duban ba wani dogon aiki ba ne. Fitila mai haske, a goge jini, a yi mata bayani a nemi izini, yatsa ɗaya a cikin dubura, babban yatsa a gaba, a murza tsokar a tsakaninsu a ji ko zoben a haɗe yake. A yi wa kowace mace da ta haihu da kanta, ko da fatar waje ta nuna lafiya lau, domin tsoka na iya tsinkewa a ƙarƙashin fatar da ba ta nuna komai ba. Na san abin da ke hana shi: gajiya, layin masu naƙuda, jin nauyin sa wa macen da ta wahala hannu a wurin da ba ta so, wani lokaci kuma tsoron abin da za a tarar. Duk na fahimta. Amma ku auna rashin jin daɗin minti ɗaya da shekara ashirin na ƙunzugu. Lokacin da kwalejojin likitocin mata da na ungozomomi a Birtaniya suka haɗa abubuwa huɗu suka gwada a ɗakunan haihuwa 16, wato bayani tun a awo, tallafi da hannu, yanka a karkace in ya zama dole, da wannan duba, manyan yagewa sun sauko daga kashi 3.3 zuwa kashi 3.0 cikin 100, duk da cewa an ƙara buɗe ido wajen neman su. A takarda kamar ba komai ba ne. A lissafa shi a kan dubban haihuwa, za a ga mata nawa ne.

In an tarar zoben ya taɓu, wannan ba ɗinkin gefen gado da fitilar waya ba ne. Ɗakin tiyata yake so, da allurar da za ta kashe wurin gaba ɗaya tsokar ta saki, da wanda aka horar a kan gyaransa, sannan maganin kashe ƙwayoyin cuta da mai tausasa bayan gida. Ungozomar da ta ce "wannan ya fi ƙarfina, a kira likita," ko ta tsayar da jini ta tura matar inda za a iya, ta yi aikinta cikakke. Wadda nake jin tsoro ita ce mai rufe fata da sauri don kada a ce a hannunta aka samu. Ɗinkin farko shi ne mafi kyawun damar da matar ke da ita. Gyaran da ake yi bayan watanni, tsoka ta riga ta ja da baya ta yi tabo, ba kasafai yake kamo na ranar ba. Hawa na huɗu kuma in gyaransa ya lalace yana iya barin ƙofa tsakanin dubura da gaba, bayan gida ya riƙa biyowa ta inda bai kamata ba.

Ni hawa na biyu na samu a haihuwata ta fari, abin da a takarda ƙaramin abu ne. An sa mini allurar kashe zafi, gaskiya ne, amma kafin a ajiye sirinjin a cikin tasa an riga an soma. Ina jin shigar allurar ɗinkin, ina jin zaren yana bi ta cikin nama ana jan sa, ina jin lokacin da ake ƙulla shi. Na damƙe ƙarfen gadon har yatsuna suka sandare. Da na zabura sai aka dafe mini gwiwa aka ce, "Haba, kin haifi ɗa guda, wannan ɗan ɗinkin ne zai gagare ki? Saura kaɗan." Matar da ta faɗi haka ba muguwa ba ce, daga baya ita ta gyara mini filo ta miƙo mini jaririn. Abin ya zame mata jiki ne kawai. Allurar nan tana son 'yan mintoci kafin ta kama. A jira, a ɗan tsunkuli wurin a tambaya "kina ji?", in ta ce tana ji a ƙara. Cewa wurin ya riga ya mutu saboda wahalar haihuwa magana ce da wanda ba a taɓa ɗinke shi ba ya ƙirƙira. Kuma ku kun fi ni sanin cewa ɗinki mai zarcewa da zaren da ke narkewa da kansa ya fi ƙulli ɗai-ɗai sauƙin raɗaɗi a kwanakin farko. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba.

Wani abu kuma, ko da wasa kada a yi shi: ƙara ɗinki don a "matse wa maigida." Matsewar ba daga bakin fata take zuwa ba, daga tsokar ciki ce. Abin da ƙarin ɗinkin ke haifarwa kawai shi ne azaba duk lokacin saduwa. Raha da wannan magana a kan macen da ke kwance cikin jini ma cin mutunci ne.

Ranar sallama, ana cika wa mai jego kunne da maganar cibiya da shayarwa da rigakafin jariri. Nata jikin sai a ce "ki dai kula da tsabta." Ku faɗa mata hawa nawa ne, ku rubuta a katin da za ta tafi da shi, da rubutun da wani zai iya karantawa. Ku faɗa mata cewa fitsari zai yi mata raɗaɗi, kuma zuba ruwa mai tsabta a wurin lokacin da take yi yana rage shi. Cewa ta riƙa sauya auduga akai-akai, ta wanke hannu kafin da bayan. Cewa farasitamol da ɗora abu mai sanyi a nannaɗe cikin tsumma suna taimakawa, kuma ba sai ta nuna jarumta ba. Sannan ku yi mata maganar bayan gida na farko, domin ba macen da aka yi wa ɗinki da ba ta ji tsoronsa ba. Wata sai ta rage cin abinci da shan ruwa don kada ya zo, cikin ya bushe, abin da take gudu ya same ta ninki biyu. Ku ce mata ɗinkin ba zai ɓalle ba, ta sha ruwa sosai, ta dafe wurin da auduga mai tsabta, ta ɗora ƙafafunta a kan ɗan abu mai tudu, kada ta yi yunƙuri. Ku lissafa mata abin da in ta gani ta dawo ba sai ranar da aka rubuta ba: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wari, mugunya, zazzaɓi, ɗinkin da ya buɗe, ko kasa riƙe iska da bayan gida. Wadda aka jawo mata ɗa da ƙarfe ko na'ura kuwa, gwajin da aka wallafa a 2019 ya nuna allurar kashe ƙwayoyin cuta guda ɗaya tal bayan haihuwa ta rage kamuwa daga kashi 19 zuwa kashi 11 cikin 100. Kada a hana ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga mai jego cikin sa'o'i 24 na farko, a sake ganinta a kwana na biyu zuwa na uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako na shida. A wurare da yawa waɗannan ranaku na jariri ne, uwa rakiya ta yi. A auna shi, a ɗiga masa, a ce "Maman bebi, ba matsala ko?" hannu na kan katin mai bi mata. Ga mutane a bayanta, ga labule bai rufu ba. Wace mace ce za ta ce a nan, "Sista, tusa na kufce mini"?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan yoyon ba mai faɗinsa sai an tambaya, kuma sai an tambaya da sunansa. Kina iya riƙe iska? In bayan gida ya matso, kina iya jira ki kai ban ɗaki, ko sai kin ruga? Kina ganin ɓaci a wando? Fitsari na zubowa in kin yi tari ko dariya? Kun koma saduwa, kuma da zafi? A ƙarshen 2023 wani nazari da aka wallafa a ɗaya daga cikin mujallun Lancet ya ƙiyasta cewa aƙalla mata miliyan 40 a kowace shekara na iya samun matsalar lafiya mai daɗewa sanadin haihuwa. Fiye da ɗaya cikin uku na fama da zafi wajen saduwa, kusan ɗaya cikin biyar na fama da kasa riƙe iska ko bayan gida. Waɗannan matan ba a kwance suke a asibiti ba, shi ya sa ba ku ganinsu. Ita ce wadda kullum take zaɓar kujerar bakin ƙofa a wurin taro, wadda ta san inda ban ɗaki yake a duk inda za ta je kafin ta fita, wadda ke yawo da wandon canji a jaka, wadda ta daina dogon zama a mota, wadda mijinta ke zaton ta daina sonsa ne. Sai da wata 'yar majalisar Birtaniya, Theo Clarke, ta tsaya a zauren majalisa a 2023 ta ba da labarin yagewar hawa na uku da ta samu, sannan aka kafa binciken da mutane fiye da 1,300 suka aika wa labarinsu. In mai kujera a majalisa sai da ta tattaro ƙarfin hali kafin ta furta, ku ƙiyasta na wadda ba ta da kowa.

Abin takaicin shi ne da yawan wannan yana da magani. Motsa tsokar ƙasan ƙugu mai riƙe fitsari da bayan gida, a tsuke a saki kullum, in an koya wa mace daidai an kuma tabbatar tsokar da ake nufi take tsukewa, yana gyara abubuwa da dama. Zafin saduwa sau da yawa bushewa ce da shayarwa ke jawowa, man shafawa na musamman ya isa. Wani lokaci tabo ne da ke son tausa ko ɗan gyara. Wadda ta samu hawa na uku ko na huɗu ya kamata ƙwararre ya gan ta tsakanin mako 6 da 12, a kuma zauna da ita a kan haihuwa ta gaba, ko da kanta ko ta tiyata, gwargwadon yadda tsokar ta warke da abin da take ji a jikinta. Wannan shawarar ba za ta yiwu ba in ita kanta ba ta san abin da ya same ta ba, kuma katin bai faɗa ba. "Haka haihuwa take, ki yi haƙuri zai wuce" amsa ce da ta dace da makon farko. A wata na shida sallamar mara lafiya ce ba magani.

Ku kuma shugabanni, kada ku karanta wannan ku juya ku kalli ungozomomi. Mace ɗaya da ke kula da masu naƙuda huɗu da daddare ba ta da hannu na uku da za ta riƙe tsumman ɗumi. Ba za a ce ta jira allura ta kama ba in allurar ta ƙare a kabad, ba za a ce ta duba da kyau ba in fitilar ɗakin ta mutu tun bara. Zare mai narkewa, allurar kashe zafi, fitila mai tsayawa da ƙafarta, labulen da ke rufuwa, horo a kan gane zoben dubura da ake maimaitawa ba sau ɗaya a rayuwa ba, da likitan da za a kira da tsakar dare ya zo: duk a teburinku suke.

Kuma ku riƙa ƙirga manyan yagewa a asibitocinku, ku san adadinsu wata-wata. Sai dai ku shirya wa abu ɗaya: ranar da ma'aikatanku suka fara duba kowace mace yadda ya kamata, adadin zai iya tashi kafin ya sauka, domin waɗanda da ake rufewa a sallama yanzu za su shiga littafi. In kuka mai da wannan abin tuhuma, kuka kira ungozomar da ta gano rauni ofis kuna tambayarta yadda aka yi, gobe ba za ta sake ganowa ba. Ɗakin haihuwar da ya shekara yana karɓar ɗaruruwan masu haihuwar fari bai rubuta hawa na uku ko ɗaya ba, shi ya kamata ku fara aika wa mai bincike.

Wassalam,
Wata uwa.